Tausayin da Ya Kashe Durwa

A ƙasar Hausa mutum yakan ajiye kare shekara da shekaru ba tare da ya taɓa ɗaukar kansa mai kare ba. Karen yana ƙofar gida, yana cin ɗumame da ƙanzo, yana haushi da dare ana barci da nutsuwa, amma in aka tambayi wa ke da alhakin lafiyarsa sai kowa ya dubi yara. Akuya in ta ƙi kiwo da safe, kafin azahar an kira malamin dabbobi. Saniya kuwa ba a ma magana. Kare ne kaɗai muke cin moriyarsa muna jin kunyar a ga muna ɗawainiya da shi. Ina cikin masu wannan hali, kuma shi ya kai ni ga abin da na aikata.

Mun tare ne a wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya, lokacin kangaye sun fi gidaje yawa. Ɓarayin awaki sun addabi kowa. Wani dattijo maharbi da muke maƙwabtaka ya ba ni kwikwiya baƙa wuluk, yara suka sa mata suna Durwa. Ban ji wani ɗar ba wajen karɓarta, don na san addini ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma tun muna zaure muka ji labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda aka ce ya ajiye kare don tsaro sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Durwa ta girma ta zama karya mai kaifin kunne. Tun da ta fara haushi ba a sake kwance mini ko ɗan akuya ba.

Abu guda nake yi mata, kuma ina alfahari da shi: kowace shekara sai an yi mata allurar rigakafin ciwon hauka. Na taɓa ganin yaron da mahaukacin kare ya ciza yana fizge-fizge yana gudun ruwa, abin bai taɓa fita raina ba. A wajen wannan allurar ne malamin dabbobi ya fara yi mini maganar. Ya ce, "Malam, in ba kiwon karnuka za ka yi ba, ka kai ta asibiti a cire mata mahaifa. Gidanka katanga gajeriya ce, ba za ka iya tsare ta ba."

Na ce masa ni ba na canza halittar Allah. Na faɗa da ƙarfi, har da ɗan ɗaga murya, yadda mutanen da ke layi za su ji. Na ƙara da cewa ina tausayinta, yaya za a farke cikin dabba lafiyarta ƙalau, kuma an ce karyar da aka yi wa aiki lalacewa take yi, ta yi ƙiba ta daina haushi. Abin da ban faɗa ba shi ne na riga na tambayi kuɗin aikin a gefe, na ji ya kusa kuɗin ƙaramar akuya, na kuwa ji ba zan iya zuba wannan kuɗi a kan kare ba. A ranar da nake wannan wa'azi akwai taure biyu ɗaure a gidana, ni na sa aka dandaƙe su, ba allurar kashe zafi ba komai, don su yi kitse kafin Salla. Ban ga canza halitta a nan ba. Malamin unguwarmu kuma kullum muna sahu ɗaya da asuba, ban taɓa tambayarsa hukuncin ba, don ina tsoron ya ce ya halatta.

Karya takan nemi namiji kusan duk wata shida, abin kuma yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Karnukan da ban taɓa sanin akwai su a unguwar ba sai ga su a ƙofar gidana, wasu da kunnuwa a yage, wasu duk ƙazuwa. Dare ya yi su kaure da faɗa, gari ya waye 'yan makarantar allo su bi su da jifa. Na ɗaure Durwa da sarƙa, namiji ya tsallako katanga ya same ta a ɗaure. Bayan kwana sittin da 'yan kai ta zube 'ya'ya a ƙarƙashin rumbu.

Haihuwar farko ba ta zama matsala ba. Maharba suka ɗauki maza, masu lambu suka ɗauki sauran. A ta biyu aka zaɓi maza aka bar mini mata. A ta uku ba wanda ya leƙo. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na ji nauyin kaina: na ba wasu samari buhu da ɗan kuɗin mashin, na ce su kai kwiyakwiyin nesa. Ban tambaye su ina ba, su ma ba su faɗa ba. Ko a bola suka juye su, ko a bakin kasuwa, ko sun haɗa su da masu tara karnuka zuwa kasuwar Dawaki ta jihar Filato, na zaɓi kada in sani. Durwa ta yi kwanaki tana zagaya rumbun tana shinshina, nonuwanta sun cika sun yi tauri. Mutumin da ya ce yana tausayin a farke mata ciki, shi ne ya tsaya yana kallon wannan. Kuma duk wanda ya rayu cikin kwiyakwiyin nan ya zama karen titi marar rigakafi, irin wanda nake tsoron ya ciji yarana.

Uwargida ce ta fara gajiya. Ta ce, "Malam, wannan abin fa ya isa. Ko a kai ta a yi mata aikin nan, ko a bayar da ita." Na ce ta bari zan san abin yi.

Abin da na sani shi ne hira a bencin wani mai kemis. Ina ba da labarin fitinar karnuka, sai wani ya ce ai shi tasa allurar wata uku yake sa a yi mata, ta tazarar haihuwa da ake yi wa mata, tun daga nan ya huta. Mai kemis ya ce akwai ta, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Na ji kamar an sauke mini kaya. Ba wuƙa, ba jini, ba a cire komai ba, balle in ce an canza halitta, ga araha. Da yamma yaron kemis ya zo, na riƙe mata kai, ya tsira mata kwalba guda cur a cinya. Kwalbar miligiram 150 ce, wadda aka auna wa mace baliga, ita kuwa Durwa ba ta kai kilo 20 ba. Ban tambayi likitan dabbobi ba. Na san abin da zai ce, shi ya sa.

Allurar ta yi aiki, kuma wannan ne ya ƙara rufe mini ido. Karnuka suka daina zuwa, gida ya yi tsit. Duk bayan wata uku ko huɗu, ko in na ga alamar tana son fara neman namiji, sai in aika a kira yaron. Na shiga bai wa mutane shawara. Akwai aƙalla gidaje biyu da na san da bakina suka fara yi wa tasu.

Aka yi shekara biyu haka. Sai wata rana da rani na lura kaskon ruwanta ba ya zama da ruwa. A cika ta shanye, a sake cikawa ta shanye, fitsari kuma ba ƙaƙƙautawa. Na ce zafi ne. Ta fara barin abinci, cikinta kuma ya ɗan taso. Na yi tsaki na ce allurar ta ƙi ci, ciki ne da ita, har na yi fushi da mai kemis. Da ta fara amai na ɓare kafso ja-da-yalo na zuba mata a koko. Ta daina tashi in na dawo daga aiki, sai dai ta kaɗa wutsiya daga kwance. Ƙaramar 'yata ce ta ja ni da hannu ta ce, "Abba, zo ka ga, ƙudaje suna bin Durwa." Na duƙa na ga wani ruwa mai kauri, ja-ja fari-fari, yana fita ta bayanta, da wari irin wanda ban taɓa ji ba. Ko a nan sai da na bari gari ya waye.

A asibitin dabbobi likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ɗaga leɓen Durwa ta dubi dasashi, ta ja fatar wuyanta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta shafa cikin a hankali. Sannan ta ɗauki biro ta fara tambaya: shekarunta nawa, haihuwa nawa, yaushe ta nemi namiji na ƙarshe. Na ce ai ta daɗe ba ta nema ba. Ta ɗago kai.

"An taɓa yi mata wata allura, Malam?"

Na ce ta hauka, duk shekara, ban taɓa fashi ba. Har na laluba aljihu zan nuna mata katin.

"Ban da ita fa?"

Na ce sai dai ta wata uku. Na faɗe shi ne kamar mai ba da labarin wata dabara da ya gano.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na sami abin da zan riƙe in ji haushinta. Ajiye biron kawai ta yi, ta tambaye ni sau nawa, kwalba nawa ake yi a lokaci guda, kuma ko an taɓa yi alhali karyar ta fara zubar da jinin neman namiji. Na amsa duka, ta ƙarshen amsarta e ce, kuma da kowace amsa ina jin muryata tana ƙanƙancewa. Tun kafin ta yi bayani na gane. Ba ciki ba ne, ba zafin rani ba ne, ba sammu ba ne, ba guba maƙwabci ya ba ta ba, duk abubuwan da na yi ta saƙawa a hanya. Hannuna ne, wanda ya riƙe mata kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta taɓa gudu ba in ta ga yaron kemis, don ni ne ke kiranta, in ta zo in dafa ta. Na tsaya a ɗakin nan da katin rigakafi a hannu, gwiwata ta yi sanyi, na rasa inda zan sa idona.

Bayaninta gajere ne, daga baya na bi na ƙara fahimta. Jikin karya ba kamar na mace ba ne. Duk sa'ad da ta gama neman namiji, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, wani sinadari da ake kira furojestaron yakan zauna da yawa a jininta kusan wata biyu. Shi ke sa bangon mahaifa ya yi kauri yana tsatsafo da ruwa, ya rufe bakin mahaifar, ya kuma rage mata ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. In ƙwayar cuta ta riga ta shiga, sai ta sami wurin zama, mahaifa ta cika da mugunya. Likitoci suna kiran ciwon payometira. Yana kama karya ko ba a yi mata komai ba: wani bincike da aka yi a Suwidin a 2001, daga bayanan inshorar karnuka, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karyoyin da ba a cire wa mahaifa ba sukan kamu kafin su cika shekara goma. Allurar wata uku kuwa, medroxyprogesterone, kwaikwayon wannan sinadari ce. Ga matan da aka yi ta dominsu, an auna ta an gwada. Ga karya, musamman da yawa haka, a kai a kai, kuma a tsakiyar neman namiji, tana tsare mahaifa cikin yanayin da ciwon ke so, wata da watanni. Takan kuma jawo ƙullutu a nono da ciwon suga. Shan ruwan da na ɗora wa rani, dafin ƙwayoyin cutar ne ya taɓa ƙoda.

Maganin shi ne aikin da na ƙi yi tun farko, sai dai yanzu a kan dabbar da jininta ya gurɓace, kuma kuɗin ya ninka wanda na guje wa. Na ce a yi. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka shiga da ita. Da aka gama likitar ta kira ni ta nuna mini abin da ta ciro a cikin tasa. Ta ce mahaifar karya lafiyayya reshe biyu ce, kowanne bai fi kaurin fensir ba. Wadda ke cikin tasar kowane reshe ya kai damtsen yaro, ta yi tsamo-tsamo, jijiyoyi sun fito mata shuɗi-shuɗi, wani wuri har ya fara tsagewa. Wannan Durwa ke ɗauke da shi tana kaɗa mini wutsiya, ni kuma ina ɗura mata ja-da-yalo.

Ta farfaɗo daga allurar barci, amma ƙodar ba ta dawo ba. Ta mutu a asibitin. Likitar ta ce mafi yawan karyoyin da aka kawo da wuri suna tashi. Ban ce mata komai ba, don na san tsawon lokacin da na yi ina kallon kaskon ruwan nan.

Na daɗe ina juya abin, kuma ba jahilci na samu a ƙasansa ba. An gaya mini gaskiya tun farko, a fili, kyauta. Abin da na yi shi ne na ɗauki rowata na sa mata rigar tausayi da ta addini, na yi ta faɗa har ni kaina na yarda. Alamar da ya kamata ta farkar da ni ita ce duk mutumin da zai iya warware mini shakka, likita ne ko malami, na kauce masa, na tafi wurin waɗanda za su gaya mini abin da nake son ji. Bayan rasuwarta, ko in ce mutuwarta, na je na tambayi malamin namu. Ya ce malamai sun yi saɓani kan fiɗiyar dabbobi. A Risala an halatta ta ga tumaki da awaki saboda gyaran nama, an hana ga dawaki, kuma da yawa daga malaman wannan zamani suna ganin halaccinta ga kare da kyanwa in akwai maslaha ko kawar da cuta, matuƙar ba a azabtar da dabbar ba. Sai ya tambaye ni, "To, su kwiyakwiyin da kake cewa, ina ka kai su?" Na sunkuyar da kai. Ya tuna mini da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Duk bayanin bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba, kuma shekaru yana nan kusa da ni.

Ba ina cewa kowane kare sai an yi masa aiki ba. Su ma waɗanda suka fi mu riƙon karnuka ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A Amurka gidajen tara karnukan da ba su da masu su sukan yi wa kare aikin kafin su bayar da shi. A Norway kuwa doka ba ta yarda a yi ba sai da dalili, amma can ba a barin karya ta yi ta yawo a waje, kuma ba a zubar da 'ya'yanta a bola. Aikin yana da nasa illoli. Kare yakan yi ƙiba in ba a rage masa abinci ba, wasu karyoyin sukan sami yoyon fitsari in sun manyanta, kuma binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, daga na 2013 zuwa na 2020 da ya duba nau'o'in karnuka 35, ya nuna yi wa manyan karnuka irin su Jaman Shefad aiki tun ba su gama girma ba yana ƙara musu ciwon gaɓoɓi, abin da ba a gani sosai a ƙananan karnuka ba. Saboda haka lokacin yin aikin magana ce ta likita, ya dubi irin karen da girmansa. Aikin namiji ya fi sauƙi, yana rage masa yawon bin mata da faɗace-faɗacen da ke tattare da shi, amma da allurar barci ake yi a asibiti. Kada wani ya ɗauko dabarar dandaƙar bunsuru ya gwada a kan kare. Aikin kuma ba ya maye gurbin rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma abin da ke katse shi shi ne yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin wannan allura a nan gida. Sai dai wuya ne a kai wannan adadi a unguwar da ake zubar da sababbin kwiyakwiyi duk wata shida.

Tambayar da ta kamata in yi wa kaina tun ranar da aka ba ni Durwa ita ce: zan iya kulle ta mako uku, sau biyu a shekara, inda namiji ba zai kai gare ta ba? In ta haihu, ina da gidan da zan kai kowane ɗa, mace da namiji? Wanda amsarsa e ce, yana iya barin tasa yadda take, ya dai sa ido a watanni biyun da ke bin neman namiji, in ya ga yawan shan ruwa, ƙin abinci, kumburin ciki ko wani ruwa na fita, ya kai ta a ranar. Wani lokacin ma ba abin da ke fita, don bakin mahaifar a rufe yake, kuma wannan ya fi haɗari. Ni amsata a'a ce tun farko, kuma na sani.

Abu mafi wuya da na yi bayan haka shi ne zuwa gidajen nan biyu da na ba shawara. A gida na farko maigidan ya saurare ni, ya kai tasa asibiti a makon, aka cire mahaifar ta riga ta fara kauri. A na biyu mutumin ya ce, "Haba Malam, taka dai kwananta ne ya ƙare. Tawa ga ta nan garau." Na kwatanta masa abin da na gani a tasa, na ce zan biya kuɗin mota. Ya ce zai duba. Har yanzu yaron kemis yana zuwa gidansa.

Dattijon nan maharbi ya sake ba ni wata kwikwiya, jikar Durwa ce ta wajen ɗaya daga 'ya'yanta na haihuwar farko. Na kai ta wurin likitar tun tana ƙarama, ita ta tsayar da lokacin aikin, na sayar da akuya na biya. Ɗinkin bai kai tsawon yatsa ba, aka warware zaren bayan kwana goma. Ta fara ƙiba, likitar ta ce a rage mata tuwo, aka rage. Haushi kuwa, maƙwabta har ƙorafi suke yi.